Diyyar Lebura da Waɗanda Suka Tsaya Masa a Gaban Shari'a

Dokar da ta wajabta biyan diyya ga ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu a Nijeriya, ko ga iyalin wanda gini ya rufta wa, daga Ingila ta zo mana, kamar yadda reluwe da kamfanonin haƙar kuza da albashin ƙarshen wata suka zo. Saboda haka duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa wannan haƙƙi yake da sauƙin karantawa a takarda amma yake da wuyar karɓa a hannu, lalle ne ya koma can inda aka haife ta, ya ga irin faman da aka sha fiye da shekara 100 kafin ta kai siffar da muka gada. Abin da zai tarar kuwa shi ne, duk sa'ad da mahukunta suka gyara wannan doka sai sun yi alkawarin cewa daga ranar lebura ya huta da neman lauya, kuma duk sa'ad da aka zo aiki da ita sai a ga wanda ya sami mai tsaya masa ya karɓi haƙƙinsa, wanda bai samu ba ya koma gida da rauninsa.

A watan Mayu na 1835 wani mahauci mai suna Thomas Fowler, mutumin Market Deeping a lardin Lincoln, ya loda naman tumaki a keken doki domin a kai kasuwa, ya umarci yaron aikinsa Charles Priestley, ɗan shekara 15, ya hau ya raka kayan. Lodin ya wuce kima, har mai tuƙin ya yi ƙorafi tun ba a tashi ba, amma maigida bai saurare shi ba. A wajen Peterborough sandar da ke riƙe da ƙafafun keken ta karye, keken ya kife, kayan suka danne yaron, cinyarsa ta karye, kafaɗarsa ta goce, ya yi mako 19 yana kwance a wani masauki. Mahaifinsa ya yi abin da ba a san wani ya taɓa yi ba a kotunan Ingila kafinsa, wato ya kai ƙarar maigida a kan raunin da aka samu a bakin aiki. Mutanen gari da ake zaunarwa su taya alƙali tantance gaskiya suka ba shi gaskiya, suka yanke masa fam 100. Fowler bai yarda ba, magana ta tafi babbar kotu a Landan, a 1837 kuwa alƙali Lord Abinger ya rushe hukuncin.

Hujjar da ya kafa ita ce, in aka buɗe wannan ƙofa babu mai iya rufe ta: gobe bara zai kai maigidansa ƙara don baranya ta shimfiɗa masa gado mai danshi, ko don kuku bai wanke tukunyar tagulla da kyau ba, ko don magini ya yi ha'inci a harsashin gida. Ya ƙara da cewa bara ya san haɗarin aikinsa kamar yadda maigida ya sani, ko ma fiye, kuma ba a ɗaure yake ba, in ya ga abin da zai cuce shi yana da ikon ya ƙi. Mai karatu zai lura cewa misalan nan duka daga cikin gidan attajiri aka ɗebo su, domin da idon mai barori alƙalin ya dubi mas'alar. Alhali kuwa waɗanda hukuncin ya faɗa wa su ne dubban mutanen da a daidai wannan zamani suke kwarara cikin masaƙu da ramukan kwal da aikin hanyar jirgin ƙasa, waɗanda ikon ƙin aiki a wurinsu daidai yake da ikon kwana da yunwa.

A kan wannan hukunci alƙalan da suka biyo baya suka gina ƙa'idar cewa maigida ba ya lamunin raunin da ma'aikaci ya samu ta sakacin abokin aikinsa, bisa zaton wai ranar da mutum ya karɓi aiki ya yarda a zuci da duk kuskuren da abokan aikinsa za su yi, kuma ladan wannan kasada yana cikin albashinsa. A 1858 Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta shimfiɗa ƙa'idar har Sikotlan a shari'ar wani mahaƙin kwal da ya halaka saboda mai kula da injin hawa da sauka bai tsayar da shi a kan kari ba; a 1868 kuma ta yanke cewa manajan rami ma abokin aiki ne. To, kamfani ba shi da hannu sai hannun ma'aikatansa, in kuwa har manaja abokin aikin lebura ne, ba a bar kowa ba wanda za a ce sakacinsa sakacin kamfani ne. Ta haka aka wayi gari jirgin ƙasa ɗaya zai kife, fasinjan da ya sayi tikiti a biya shi, mai zuba wa injin kwal wanda ya ƙone a haɗarin nan a ce ba ya bin kowa komai. Wanda ya tsallake wannan katanga kuma akwai biyu a gabansa: in aka tabbatar yana da hannu a sakacin, komai ƙanƙantarsa, da'awarsa ta faɗi gaba ɗaya, in kuma aka nuna ya san haɗarin amma ya ci gaba da aiki, sai a ce ya yarda, wanda ya yarda kuwa ba a zalunce shi ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba alƙalan Ingila kaɗai ne suka rataya lamuni a wuyan ta'addi ba. Malamanmu sun san hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hukunta cewa abin da rijiya ko ramin ma'adini ya halaka ba shi da diyya, masu sharhi kuma sun shigar da wanda aka ɗauka ijara ya haƙa rijiya ta rufta da shi cikin wannan hukunci, muddin wanda ya ɗauke shi bai yi ta'addi ba. Hukunci ne da ya dace da halin da mai haƙa shi ne gwanin aikinsa, shi yake duba ƙasa, shi yake sanin inda zai tsaya, igiya da dagi nasa ne. Ya sha bamban da halin mutumin da aka tsayar gaban injin da bai saya ba, bai ɗaura ba, ba shi da ikon rage masa gudu. Sai dai fiƙihu ya riƙe abu biyu waɗanda dokar Ingila ta wancan ƙarni ta rasa. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ta yatsa raƙuma 10, ta haƙori 5, an ƙayyade komai tun kafin a zo gaban alƙali, ba a bar shi ga fasahar bakin mai da'awa ko ƙarfin aljihunsa ba. Ya kuma san aƙila, wato dangin wanda ya yi kisan kuskure, waɗanda ake raba wa nauyin su biya cikin shekara 3, domin kada a tsiyata mutum ɗaya, kada kuma jinin mamaci ya tafi a banza. Ƙayyade diyya da raba nauyinta a kan jama'a su ne ginshiƙan da Turai ta zo ta kafa tsarinta a kai a ƙarshen ƙarni na 19, ba don ta aro daga littattafanmu ba, larura ce ta kai ta.

Kafin a kai can kuwa, ko da a ce doka tana bayan lebura, hanyar kotu a rufe take gare shi. Akwai tsohuwar doka tun 1495 mai ba matalauci damar yin ƙara ba tare da biyan kuɗi ba, amma sai wanda ya rantse dukiyarsa ba ta kai fam 5 ba, kuma da ƙyar ake samun lauyan da zai ɗauka. Al'adar kotunan Ingila ita ce wanda aka kayar shi yake biyan kuɗin shari'ar ɓangare biyu, shaidun mai rauni kuwa abokan aikinsa ne, waɗanda yawancinsu a gidajen kamfani suke haya, sun san abin da zai biyo bayan shaidarsu. In mutum ya mutu ma, har zuwa 1846 da'awarsa tare da shi ake binne ta, matarsa ba ta da ikon ɗauko ta. A watan Janairu na 1862, a ramin kwal na Hartley da ke arewacin Ingila, ƙaton ƙarfen injin jan ruwa ya karye ya faɗa cikin rami, ya toshe hanya guda ɗaya tak da ake shiga da fita, maza da yara 204 suka mutu a ƙarƙashin ƙasa. Majalisar Dokoki ta kafa doka a shekarar cewa kowane rami sai da hanya biyu. Amma abin da ya ciyar da zawarawa da marayun Hartley sadaka ce da jama'ar ƙasa suka tara, ba diyya ba, domin binciken hukuma ya ce haɗari ne. Abin da ma'aikata suka dogara da shi a wannan zamani shi ne ƙungiyoyinsu na taimakon juna, inda kowa ke zuba 'yan kwabbai duk mako don jinya da jana'iza, ma'ana lebura shi yake biya wa kansa diyyar raunin da ya samu wajen tara wa wani dukiya.

Da ma'aikatan birane suka sami ƙuri'a a 1867, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka yi ƙarfi, sai gwamnatin Firayim Minista Gladstone ta kafa dokar 1880, wadda ta ce maigida zai ɗauki lamuni in raunin ya zo ta lalacewar kayan aiki ko ta sakacin wanda aka ɗora bisa ma'aikata. Amma ta iyakance diyyar ga albashin shekara 3, ta sharɗanta a sanar da maigida a rubuce cikin mako 6, a shigar da ƙara cikin wata 6, kuma tabbatar da sakaci yana nan a wuyan mai rauni. Ba a yi shekara 2 ba kotu ta halatta wa masu kamfani, a shari'ar wani ma'aikacin Earl na Dudley, su sa mutum ya sa hannu tun ranar ɗaukarsa cewa ya yafe haƙƙin da dokar ta ba shi. Sauƙin da ya zo daga alƙalai shi ne na 1891, a shari'ar wani mai fasa dutse da ake kira Smith, wanda injin ɗaga kaya yake ta wucewa da duwatsu ta bisa kansa, ya yi ƙorafi ba a ji ba, har ranar da ɗaya ya faɗo masa. Kotun ƙoli ta yarda a karon nan cewa sanin haɗari daban, yarda da shi daban.

Jamus ce ta fara sauya tambayar daga tushe. A 1884 shugaban gwamnatinta Bismarck, wanda ba ƙaunar 'yan gurguzu ce ta motsa shi ba, tsoron kada su janye masa ma'aikata ne, ya kafa inshorar haɗarin aiki: masu masana'antu na kowace sana'a su haɗu cikin ƙungiya guda, su zuba kuɗi gwargwadon haɗarin sana'arsu, wanda ya ji rauni a biya shi daga asusun ba tare da an tambayi laifin wane ne ba. A Ingila minista Joseph Chamberlain ne ya ɗauki wannan ra'ayi, yana mai cewa raunin ma'aikaci yana cikin kuɗin da ake kashewa wajen yin kaya, kamar lalacewar inji, don haka sana'ar ce ya kamata ta ɗauka. Dokarsa ta 1897 ta ba wanda ya kasa aiki rabin albashinsa na mako, kada ya wuce fam 1, ban da mako 2 na farko. Iyalin mamaci kuma albashin shekara 3, kada ya gaza fam 150, kada ya wuce fam 300. Ciniki ne aka ƙulla: lebura ya haƙura da cikakkiyar diyya, a sauke masa nauyin tabbatar da sakaci, a kuma raba shi da kotu, domin an shirya saɓani ya ƙare a gaban mai sulhu ko ƙaramin alƙalin gunduma. Sai dai Chamberlain ya ɗauki rabin tsarin Jamus ya bar rabi, bai kafa asusun bai ɗaya ba, ya bar nauyin a wuyan kowane maigida shi kaɗai, wanda ya so ya sayi inshora a kasuwa, wanda bai so ba ya bari. Daga wannan rabi da aka bari mafi yawan wahalar da ta biyo baya ta fito.

Domin da zarar kuɗin ya zama daga aljihun wani ayyanannen mutum ko kamfanin inshorarsa zai fita, to kowane harafi na dokar ya zama abin jayayya. Dokar ta shafi reluwe da masana'antu da ma'adinai da ginin da tsayinsa ya wuce ƙafa 30 wanda aka kafa wa katakon hawa, sai lauyoyi suka shiga gardamar daga ina ake awon ƙafa 30 ɗin, kuma tsani da aka gitta wa katako yana cikin abin da doka take nufi ko ba ya ciki. Ta ce sai raunin ya zo ta haɗari, ya taso daga aikin, ya kuma faru a cikinsa, a kan waɗannan 'yan kalmomi aka yi shari'u har sai da aka buɗe jerin littattafai na musamman don tattara hukunce-hukuncensu. A 1903 sai da wani mutum mai suna Fenton, wanda ƙaba ta sauko masa sa'ad da yake kokawa da wani inji da ya cije, ya je har kotun ƙoli kafin a yarda abin da ya same shi haɗari ne. A 1905 aka sake zuwa can a kan mai tsefe gashin tumaki da ya ɗauki cuta mai kisa daga gashin. A 1906 aka faɗaɗa dokar ta game kusan dukan ma'aikata, har barorin gida da ma'aikatan jirgin ruwa, aka kuma shigar da cututtuka 6 na sana'a, cikinsu har da gubar dalma da ta zaiba. Kowane faɗi da aka ƙara alheri ne, kowanne kuma ya ƙara yawan waɗanda za su tsaya gaban lauyan kamfanin inshora su kaɗai.

Mafi munin abin ma ba a kotu yake faruwa ba, a ɗakin mai jinya yake faruwa. Wakilin inshora zai zo wa mutumin da ya yi watanni yana cin rabin albashi, bashi ya yi masa katutu, ya ajiye masa kuɗi dunƙule a kan ya sa hannu an rabu har abada. Shi kuwa bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba, kuma da babu gara ba daɗi, sai ya karɓa, bayan shekara 2 kuɗi ya ƙare, ƙafa ba ta dawo ba. Wanda ya ƙi, sai a aika shi wurin likitan kamfani ya rubuta cewa ya isa yin aiki marar nauyi, a rage masa abin da ake ba shi, ko da babu irin wannan aiki a duk gundumar. Ga kuma tarkon zaɓi: wanda ya karɓi diyyar doka yana iya rasa damar kai ƙarar sakaci, wadda da ta fi tsoka nesa, kuma sau da yawa ya zaɓa bai san ya zaɓa ba. In kamfanin da ba shi da inshora ya karye kuwa, diyyar ta karye tare da shi.

A nan ne tarihin masu tsaya wa lebura ya fara, kuma a ganina shi ne ɓangaren da ya fi cancantar a riƙe. Na farkonsu ba lauyoyi ba ne, sakatarorin rassan ƙungiyoyin mahaƙa da na reluwe ne, mutanen da suka fito daga rami suka haddace dokar da hukunce-hukuncenta, suna rubuta wa mai rauni takardar sanarwa kafin wa'adi ya wuce, suna raka shi wurin likita, suna hana shi sa hannu a kan abin da bai karanta ba. In magana ta yi tsanani ƙungiya ta ɗauki lauya da kuɗin da membobi suka tara, har ya zama wannan hidima tana cikin manyan dalilan da ke sa mutum ya yanki katin ƙungiya. Wanda ba shi da ƙungiya kuma sai ya nufi zaman da aka sani da Lauyan Talaka, wanda wani matashin lauya, Frank Tillyard, ya fara a 1891 a gidan Mansfield da ke unguwar ma'aikatan tashar jiragen ruwa a gabashin Landan, inda lauyoyi ke zama da maraice su ba da shawara kyauta. Gidan Toynbee ya bi sahu a 1898, daga nan abin ya bazu. Shawara ce kawai mafi yawanci, ba su da kuɗin kai magana kotu, amma takarda guda da hannun lauya a ƙasanta takan sauya yadda kamfanin inshora yake amsawa. Akwai kuma waɗanda suka mai da abin kasuwa, masu aika 'yan kamasho asibitoci su farauto masu rauni, su sasanta da wuri a kan abu kaɗan don su cire nasu. Ba za a wanke su ba, amma giɓin da hukuma ta bari ne ya haife su.

Mutum biyu sun isa misali ga waɗanda suka yi abin don Allah da kishin talaka. W. H. Thompson, wanda aka ɗaure a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda ya ƙi shiga soja, ya buɗe ofishinsa a 1921 ya tsayar da aikinsa a kan ƙungiyoyin ƙwadago da masu rauni, ofishin kuwa yana nan har yau. A watan Satumba na 1934 kuma, da ramin Gresford a arewacin Wales ya yi bindiga ya kashe mutum 266, Stafford Cripps, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka fi tsada a Ingila, ya tsaya wa ƙungiyar mahaƙa a zaman bincike bai karɓi ko kwabo ba, ya yi ta yi wa manajoji tambayoyi har ya bayyana a fili cewa awon iskar ramin da ke cikin littattafansu ba a yi shi ba. Hukuncin da ya biyo baya bai wuce tara a kan rashin kiyaye littattafai ba. Amma abin da aka tono a zaman nan ya shiga kunnen ƙasa duka, kuma ba don an sami gwani a ɓangaren mamatan ba da ba a tono shi ba.

A 1942 William Beveridge, cikin mashahurin rahoton da ya yi wa gwamnatin Ingila, ya yanke wa tsarin Chamberlain hukunci cewa a ƙarshe bisa shari'a ko barazanar shari'a ya dogara, kuma ya bar mai rauni ba mataimaki in ba shi da ƙungiya. Dokar 1946, wadda ta fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948, ta ɗauke nauyin daga wuyan maigida ta mai da shi asusun gwamnati; a 1945 an riga an soke ƙa'idar da ke kayar da da'awa saboda ɗan sakacin mai rauni, a 1948 aka binne ƙa'idar abokin aiki bayan ta yi shekara 111, a 1949 kuma aka kafa taimakon shari'a da kuɗin baitulmali. Wannan na ƙarshe bai dawwama ga masu rauni ba, domin tun daga 2000 an janye shi daga mafi yawan ƙararrakin rauni, aka koma ga yarjejeniyar da lauya ba ya karɓar lada sai an ci nasara.

Chamberlain ɗin nan da ya kafa dokar 1897 shi ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka a lokacin, kuma a wannan shekara ce ya ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar da daga baya ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ra'ayinsa na cewa sana'a ita ke ɗaukar jinin ma'aikacinta bai biyo rundunar ba. An shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro ta iso Kano a 1911, an buɗe ramukan kuza a Jos da Bukuru, an fara haƙar kwal a Inugu, duka da ƙarfin leburorin ƙasar nan, amma ba a yi wa Nijeriya dokar diyyar ma'aikata ba sai a farkon shekarun 1940, kuma a daidai shekarun nan ne, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a filayen kuza saboda bukatar yaƙi, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne, tsarin da aka kawo mana shi ne wanda Beveridge yake rushewa a can gida. A kansa muka zauna, dokar soja ta 1987 ma shi ta sabunta: albashin wata 42 ga iyalin mamaci, na wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, a biya dunƙule, daga hannun maigida, in ya musa sai kotu.

Sai a watan Disamba na 2010 aka sa hannu a dokar da muke kai yanzu, kuma wanda ya karanta ta da tarihin nan a zuciyarsa zai ga kusan kowane sashe nata amsa ce ga wani tsohon rauni. Ta kafa asusun bai ɗaya a hannun hukumar NSITF, inda kowane maigida zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ta haramta a cire wannan daga albashin ma'aikaci, ta kuma ɓata duk yarjejeniyar da za a sa mutum ya yafe haƙƙinsa. Ba ta tambayar laifin wane ne. Ta game ma'aikacin dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo da baran gida, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Ta shigar da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki. Ta mai da diyyar wanda ya nakasa gaba ɗaya biyan wata-wata, kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba kuma yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai zama a Kano da Kaduna da Jos da sauran birane. Dokar taimakon shari'a ta 2011 ta ambaci da'awar diyyar ma'aikaci cikin abin da Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, za ta tsaya wa talaka a kai kyauta.

Amma a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, da gidajen bulo da wuraren fasa dutse da injinan casar shinkafa, abin da aka fi ji in inji ya kama hannun yaro shi ne a yi haƙuri, ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. A biya kuɗin asibiti, a ba shi ɗan abin sallama, dattawa su sa albarka. Haƙuri da ƙaddara gaskiya ne, sai dai ba su taɓa kayar da haƙƙi ba a shari'a, domin kisan kuskure ma ƙaddara ce, Alƙur'ani kuwa a Suratun Nisa'i ya wajabta diyya a kansa, ya bar yafewa a hannun masu haƙƙi. Yafewar wanda bai san yana bin komai ba kuwa ba a kiranta yafewa. Dokar 2010 ta ce a sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da takardar nema cikin shekara guda, kuma masu ƙananan masana'antu da yawa ba su yi rajista da asusun ba, ba su da sha'awar kai rahoton da zai tona hakan. Taimakon shari'a na kyauta a asali na wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ne, ofisoshinsa kuma a manyan birane suke. Ƙungiyar da a Arewa ta fi kama da ta mahaƙan Ingila wajen sanin doka da raka ɗan'uwa ofis ita ce ta ma'aikatan masaƙu mai hedkwata a Kaduna, ita kuwa ƙarfinta ya ragu tun da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya daga farkon shekarun 2000, mafi yawan waɗanda ke tsaye gaban inji a yau kuma 'yan aikin yini ne, ba su da katin kowace ƙungiya.